Garkar Rakiya da Gidajen Layi

Ranar da na dawo daga Malbaza, ga waɗanda na iske a tsakar gidana suna jirana: Habsu matar Alhaji Nomau, wadda ta riga kowa zuwa, ta kuma fi kowa matsowa kusa da tabarmata, Ta-Rana mai daddawa, Gwamma, ƙanwar marigayi maigidana, Ladi maƙwabciyata da goyonta, Hadiza malamar lakwal, makarantar boko, sai Jumma, Bafulatanar da ke kawo mini nono, wadda ta ce ita ba labari ta zo ji ba, amma ba ta ɗauki ƙwaryarta ba sai da anka kira magariba. Rabin labari na ba su, domin bayana ya ƙage da zaman mota. Tun daga ranar ba a bar ni na huta ba. A bakin rijiya, a gidan suna, har a wurin gaisuwar mutuwa, sai wata ta jawo mini zane: "Inna Tsahara, wai gidan siminti yaya yake daga ciki?" Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zaunar da Hadiza da alƙalaminta. Ni ban san baƙi ba, iyakata abin salla. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini harshe.

Abin da ya tashe ni daga gida garka ce. Da maigidana Malam Gado ya rasu anka raba abin da ya bari, autata Rakiya ta samu garkar bakin fadama, mai rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Shekarar da ruwa ya ƙi, rumbuna sunka zama wofi, albasar garkar nan ce ta riƙe mu. Rakiya tana aure a Malbaza. Mijinta Isuhu ne, kuma sunan nan don takarda na faɗe shi, ni ba na kiran suruki da suna. Yana ɗaukar buhu a izini, wato masana'antar siminti. Suna haya a ɗaki guda cikin tsohon gari, da yara biyu, ga ciki na uku. Sai wani attajiri ya jera gidajen siminti a bayan tasha, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ya ce na sayarwa ne. Surukina ya gani, barci ya ƙaurace masa. Ba shi da abin da zai kai shi gidan nan sai in an sayar da garkar. Alhaji Nomau kuwa ya daɗe yana zagaya shingenta kamar wanda akuyarsa ta ɓace a ciki.

Rakiya ta aiko da saƙo a bakin wani direba: "A gaya wa Inna ta zo ta gani da idonta. Abin da ta ce shi za a yi. Amma ta yi sauri."

Ban yi sauri ba. Saƙon ya zo da bazara, na zauna har ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Da rani ai kowane gida lafiyayye ne. Ni ungozoma ce. Tun ban yi furfura ba nake shiga gidajen mutane ta inda baƙo ba ya kaiwa: bayan ɗaki, makewayi, inda ake zubar da ruwan wanka. Maza daga ƙofa suke duba gida. Ni daga baya nake fara shi.

Na ɗaure garin kuka a buhun gishiri, da daddawa, da ɗan gero na fura, na hau jakin ɗan Gwamma zuwa Badagishiri. Da munka isa, korama ta sauko cike, ja wur, ta raba hanya biyu. Motoci sun tsaya ta can, sun tsaya ta nan, direbobi sun baje tabarma suna shan shayi kamar garin ubansu ne. A bakin koramar akwai wani shago sabo na siminti, ruwa ya ƙwaƙule ƙasan da ke ƙarƙashinsa, kusurwa guda tana lilo a iska. Mai shi na tsaye ya ɗora hannu a ka, yana cewa ruwa ya cuce shi. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce masa, "Ruwa bai zo wurinka ba, ɗana. Hanyarsa ke nan tun kakana na yaro. Kai ka zo wurinsa." Na ɗaga ido na ga rumbunan ƙasa a kan tudu, zaune bisa duwatsunsu, ko ƙafarsu ba ta jiƙe ba. Na riƙe wannan a raina.

Na kwana gidan Hassu, ƙawata ta ƙuruciya. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar yakuwa, ta cika barkono kamar yadda take yi tun muna ƴan mata. Da ta ji abin da ke tafe da ni sai ta ce, "Tsahara, ke dai ba ki sauya ba. Ki bar yara su ci zamaninsu mana. Ke ba ki gaji da yaɓe duk shekara ba?"

Na ce, "Zamaninsu su ci, ban hana ba. Garkar ubansu ce ba za su ci da rufe ido ba."

Ta ce, "Da ganin fuskarki kin yanke hukunci tun a gida."

Gaskiya ta faɗa. Na fito da niyyar in kushe siminti daga tushe har rufi. Amma ban ba ta wannan daɗin ba, na ce ta ƙara mini miya.

Da ruwa ya janye na samu wuri a kamyon wani direba, Mamman Dogo, wanda ya kai siminti garin Tawa yana komawa wayam. Ya ce, "Inna, gaba ta cika, sai baya." Na hau baya tare da wani mai rago da mata uku. Ba wanda ya gaya mini cewa bayan motar siminti ba a zama da baƙin zane. Duk ramin da motar ta faɗa sai ƙura ta tashi daga katako ta sauka a kanmu. Kafin mu kai mararrabar Tsarnawa, ni da ragon kalarmu guda.

A mararrabar anka tsai da mu. Jandarma ya duba takardun direba, sannan wani ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya hau da tsinken ƙarfe yana soka kaya, wai ana neman atamfar da ake shigowa da ita ta bayan fage. Ya zo kan buhuna. Na ce, "Ɗana, kuka ce." Ya ce, "Inna, kowa haka yake cewa." Ya soka ya zare da ƙarfi. Garin ya tashi ya rufe masa gaban riga, kore shar. Ya tsaya yana atishawa, mai rago ya juya baya yana ta girgiza. Na ce, "To, ka ga atamfar. Kalarta ta yi maka?" Shi ma dariya ta kama shi. Ya nemo zare ya ɗaure mini bakin ramin da hannunsa. Yaro ne mai tarbiyya, aikinsa ne ba shi da kai.

Malbaza gari ne da ba a duban rana. Wani ƙaho ne ke kuka daga izini, shi ke tashin maza, shi ke sallamarsu. Na ga magidanta da gemu suna cin burodi a tsaye bakin hanya, ba tabarma, ba wanke hannu. Na ga ana sayen ruwan sha a garwa kamar man gyaɗa. Rakiya ta fito ta gan ni fari fat, ta ce, "Inna! Daga ina anka tono ki?" Na ce ta kawo ruwa ta bar surutu. Ɗakin da suke haya na duba shi ina wanka ina dubawa. Azara ta ruɓe a kusurwa, an tara ƙwarya biyu da tasa inda yake zuba. A ƙarƙashin wannan jikokina ke kwana. Na fahimci abin da ya hana uban yaran barci.

Da yamma surukina ya dawo, girarsa fara da ƙura. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa can nesa, fuskarsa na kallon bango.

"Inna, an zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya."

Iyakar maganarmu ke nan. Ku da kuka san kunyar surukuta kun san inda wuyar take. Ni ba zan dube shi in ce masa a'a ba. Shi ba zai buɗe baki ya yi mini gardama ba. In na hana ta bakin Rakiya zai yi shiru, ya haɗiye, sannan ɗiyata ce za ta kwana da wannan shirun shekara da shekaru. Na san gidajen da irin wannan shiru ya rushe, ba ruwan sama ba.

Wakilin mai gidajen ya ce mu zo da sanyin safiya. Na aika masa cewa tsohuwa ba ta fita sai bayan azahar. Munka tafi ni da Rakiya rana na tsaka. Gidajen a jere suke kamar haƙoran mashaci, kowanne ɗaki biyu da ƴar tsakar gida, bango guda tsakaninka da maƙwabci. Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba: akwai abin da ya burge ni. Ƙofar ba ta jin gara. Ba ramin ɓera. Daɓen sumul, shara ɗaya ta ishe shi. Bakin masai kuma an zuba shi ƙunci da ƙarfi, yaro ba zai faɗa ba, ni kuwa na taɓa ganin gidan da yaro ya faɗa.

Sannan na shiga ɗaki na ce a rufe ƙofa. Kwanon na ƙara kamar ana soya gyaɗa a kansa. Kafin in gama duba kusurwoyi gumi ya jiƙa mini zane. Wakilin ya ce daga waje, "Inna, in rana ta faɗi yana hucewa."

Na ce, "Mai jego da rana take kwance."

Na fito tsakar gida. An shafe ta da siminti tun daga ƙofar ɗaki har bango, ko tafin hannu na ƙasa ba a bari ba. Ruwan da anka yi shekaranjiya yana nan kwance a gindin bangon da ke tsakanin gida biyu, ya fara kore. Na ce, "Ina za a kafa turmi?"

Ya ce, "Turmi yana fasa daɓe. Sai a waje."

"Matan aure, a bakin titi, gaban direbobi?"

Ya sosa ƙeya. Mutum ne mai sauƙin kai, ba maƙaryaci ba. Na ce, "Kai a wanne kake kwana cikinsu?"

Ya ce, "Ni, Inna, cikin gari nake, gidan ubana."

"Na ƙasa?"

"Na ƙasa." Ya yi dariya, Rakiya ta rufe baki da mayafi.

Na tambaye shi ko waɗannan ne gidajen fari da maigidansa ya gina. Ya gyara tsayuwa ya ce a'a, ya yi irinsu a Konni, sun ci damina da dama, mutane na ciki cike. Da alfahari ya faɗa. Ni kuwa abin da nake nema ke nan. Sabon gida kamar jinjiri ne ranar haihuwa, duk kamarsu ɗaya. Yayyensa nake so in gani.

Da munka koma na ce wa Rakiya, "Ki gaya wa maigidanki tsohuwa za ta Konni ran Lahadi, ba ta san gari ba, tana son mai riƙe mata ƙunshi."

Ta ce, "Inna, ke da kika yi shekaru kina kai kuka kasuwar Konni?"

Na ce, "Na manta ta."

Haka munka tafi, ni a gaban mota, shi can ƙarshen baya. Konni ta ƙara cika fiye da yadda na bar ta. Hanyar iyaka ba ta rabuwa da jakuna da kekuna, kowa da ɗaurin da ba ya so a tambaye shi. Mai ƙosai ta tambaye ni, "Sefa ko naira?" kamar ni ce mai buga su. Wani ɗan kamasho ya kira ni Mama. Na ce masa uwarsa tana can ƙetare, nan Inna ake cewa. Yunwa ta kama mu duka biyu, ga shi ba mai iya ci gaban wani. Sai na sayi ƙosai na zauna gabas da wata bishiyar tsamiya, shi ya sayi nasa ya zauna yamma da ita. Ina jin ƙarar takardarsa, yana jin tarina. Da munka gama kowa ya goge baki, munka fito kamar masu azumi.

Gidajen layin na Konni suna gangaren gari. Daga nesa sai ka ce waɗancan ne na Malbaza sunka tsufa a dare ɗaya. Gindin kowane bango ya yi baƙi har gwiwa. Na yi sallama a wani gida na tsakiya, wata mata mai suna Balki ta amsa. Da ta ji ni ungozoma ce daga ƙauye sai ta saki jiki, ta ce mijinta ya yarda surukina ma ya shigo, sai ya tsaya daga bakin ƙofa.

Ban zauna ba, na wuce bayan ɗaki. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. An fasa simintin wuri uku, ramuka kamar faɗin faifai, an cike su da ƙasa. Daga kowane rami tsaga ta tashi ta bi daɓe, ɗaya ta hau bango har kusa da rufi. Na dube su, na dubi Balki, na ce, "Haihuwa uku kika yi a gidan nan."

Ta ce, "La ilaha! Wa ya gaya miki?"

Na nuna mata ramukan. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce, "Inna, haihuwata ta fari a nan, ungozoma ta fito da mabiyiya a kasko, ta zagaya gidan nan kaf ba ta samu inda za ta binne ta ba. Ko'ina dutse. Ba a kai mabiyiya bola, ba a kai ta gidan wani. Sai maigidana ya aro diga ya fasa. Duk layin nan haka anka yi. Shiga kowane gida ki ƙirga."

Na ce, "Ruwan jego fa?"

Ta ce, "Ina zai tafi? Safe da yamma, tukunya guda tafasasshe, har a yi arba'in. Mafitar da sunka yi tana sama da daɓen. Sai ya bi ramin ya shige ƙarƙashi. Da damina ma nan yake bi. Kin ga ɗakin can, ƙasansa ya zauna, ƙofar ba ta rufuwa."

Wanda ya zana gidajen nan ya tuna da gara, ya tuna da ɓarawo, bai tuna cewa za a haihu a ciki ba.

Na nuna bangon da ya tsage na ce, "Wannan na wa ne, naku ko na maƙwabta?"

Ta ɗaga murya yadda za a ji ta ƙetare: "In zan kafa ƙusa, nasu ne. In ya tsage, nawa ne!"

Wata murya ta amso daga bayan bangon: "Ruwan wankanki ne ya ci shi, Balki, kada ki tara mini baƙi!"

Balki ta ce, "Kin ji ko? A da ƙawata ce."

Na tambaye ta me ya hana a gyara. Ta ce da me? A gidan ƙasa, in kaka ta yi, ka haƙi ƙasa bayan gida, ka kira ƴan uwa, a kwaɓa a yaɓe, a sha fura a watse. Nan sai an nemo magini, sai an sayo buhu, sai gida biyu sun yarda. Shi ya sa ba wanda ya taɓa gyara komai. Babban ɗanta kuma ya isa raba ɗaki, ba inda za a ƙara ko bukka, a shagon wani tela yake kwana.

Duk wannan surukina na tsaye bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Sai na ji wani ɗan sauti. Na saci kallo. Ya sa babban yatsa a inda shafen bangon ya ɓare, yana murza bulon. Yashi na zuba a ƙafarsa kamar gari daga rariya. Ya ƙara murzawa, yatsan ya shige. Mutumin da bai taɓa yi mini magana ta wuce gaisuwa ba, sai ga shi yana magana da bango:

"Wannan ba siminti ba ne. An nuna wa yashi buhu ne daga nesa."

Ni ma na dubi bangon na ce, "Ashe ba haka yake duka ba?"

Ya ce wa bangon, "In Inna za ta taka zuwa rijiyar masallaci."

Munka fita. Bakin rijiyar an zuba shi tun zuwan siminti ƙasar nan, igiya ta goge shi har yana sheƙi. Ya ɗauki dutse ya buga. Ya yi ƙara kamar ƙarfe, ko ƙwarzane bai yi ba. Ya ce wa rijiyar, "In an ba shi haƙƙinsa, aka shayar da shi ruwa yana ɗanye, jikan jika zai same shi." Na karɓi dutsen na buga da kaina, domin ba na yarda da bugun wani. Hannuna ne ya yi zafi. A nan na ajiye rabin abin da na ɗauko daga gida. Shi kuma na ga ya ajiye nasa tun a bangon Balki.

Kafin mu bar layin na leƙa gidan ƙarshe, domin shi kaɗai na ga inuwa a kansa. Wata tsohuwa ce a ciki. Sun fashe simintin tsakar gidan gaba ɗaya tun shekarar da sunka shiga, sun dasa bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, sun gina ɗakin ƙasa a filin da ke gefe. A ɗakin ƙasar suke kwana. Na simintin kuwa gero ne a ciki, ta ce ɓera bai taɓa ɗanɗana shi ba. Na ce mata ita ce mai hankalin layin. Ta ce ba hankali ba ne, gidanta ne kawai ke da gefe.

Da munka koma Malbaza, bayan la'asar, na zauna cikin ɗaki, shi yana waje, asabari a tsakaninmu, Rakiya a bakin ƙofa. Na ce, "Rakiya, garka ba a sayarwa."

Na zaci daga waje nauyin zai zo. Sai ga shi ɗiyata ce ta fashe da kuka. Ta ce, "Inna, ke za ki koma ɗakinki mai rufi. Ni ce zan haihu ƙarƙashin tasa da ƙwarya. Na gaji da ɗaga yara in ruwa ya sauko. Ko gidan da zai tsage ne, nawa ne dai."

Ban lallashe ta ba, ban kuma tsawata mata ba, domin tana da gaskiya. Na ce, "In gidan ya tsage kina da garka, za ki gyara. In ya tsage ba garka, da me?" Ta ci gaba da kuka. Har na fara tunanin na yi tafiyar banza.

Sai murya ta zo daga bayan asabari. "Rakiya, ki gaya wa Inna akwai tudu arewa da gari, mai gari na ba ma'aikata fili a can. Ba kowa ke so ba, wai ya yi nisa da tasha."

Na ce, "Rakiya, ki tambaye shi wa ke zama a tudun yanzu."

"Ki ce mata Fulani ne ke kwantar da shanu da damina."

Daga baya da na ba da wannan wurin a tsakar gidana, Jumma ta ce, "To ai magana ta ƙare. Mu ba mu kwantar da shanu inda ruwa ke kwana." Abin da ni ma na ce a raina ke nan.

Na ce, "Ki gaya masa tushe na dutse da siminti har gwiwa, kuma shi zai kwaɓa da hannunsa, ba ɗan kwangila ba."

"Ki ce mata har bakin masai da indararo."

"Jikin bango na ƙasa. Bangonsa nasa, kada ya jingina da na kowa."

"Ki ce mata na ji."

"Tsakar gida a bar ta yadda Allah ya yi ta. A bar fili gabas, yaran nan za su girma."

Rakiya ta share hawaye ta ce, "Ni kam kun mai da ni wayar ofis. Ku da kuke jin juna!" Na ce albasar garka ta bana da ta baɗi, duk abin da ta bayar na ginin ne, ni zan tsaya a kanta da kaina. Ɗaki guda ya tashi kafin sanyi, sauran a bi a hankali. Azarar ɗakin hayar kuma a sa mata tokara tun gobe.

Ban bar Malbaza ba sai da anka sake ruwa. Yana ɗaukewa na ɗauki sandata na hau tudun, Rakiya na bina tana haki. Ƙasa ja ce mai tsakuwa, ta shanye, ko takalmina bai kama laka ba. Daga can ana hango gidajen layi, rana na walƙiya a kwanonsu, ruwa kwance a bakin ƙofofinsu. Rakiya ta daɗe tana kallonsu. Ban ce ta daina ba. Na soka sanda a wani wuri na ce, "Nan bayan ɗakinki ne. In lokaci ya yi a aiko mini, ni zan karɓi haihuwar, kuma a nan zan binne abin da ya biyo ta, ko an yi rufi ko ba a yi ba."

Dawowa kamyon Mamman Dogo na sake samu. Wannan karon na ce gaba zan zauna, ko wani ya sauka. Wani ya sauka.

Ranar da na iso, ina ba da labarin ɗan duwan da ƙosan tsamiya, Habsu sai cewa take, "To, Inna Tsahara, garkar fa? Garkar fa?" Na ce mata bayana na ciwo. Maganar gado ba a yin ta gaban taro.

Washegari da na idar da salla na ɗauki sanda na tafi gidan Alhaji Nomau. Na iske shi a zaure, munka gaisa. Na ce, "Alhaji, na zo in rage maka wahalar zagaya shinge. Garkar Rakiya tana da aiki, gida za ta gina." Ban jira ya gama gyaran murya ba. Na wuce fadama, raɓa na jiƙa mini zane. A gefen rijiyar Malam Gado akwai ƴan bedi da sunka tsiro da kansu. Na zaɓi mai kauri, na haƙo shi da ƙasarsa, na sa a fasasshen tulu, na ɗora a ka har bakin hanya, na ba mai zuwa Badagishiri ya kai wa Mamman Dogo. Na ce a gaya wa mijin Rakiya ya dasa shi yamma da inda na soka sanda, ya kewaye shi da ƙaya saboda shanu. In na zo karɓar haihuwa na iske ya bushe, da shi zan yi magana, kuma ba ta bakin Rakiya ba.